Tumakin Dutsen Baba Serik

Kafin in bar Katsina, abu mafi tsawo da na taɓa hawa shi ne ganuwar bayan gidanmu a Ƙofar Guga, ita ma ɗin don in hango ko shanun Baffa sun taso daga kiwo ne. To ka ji mutumin da aka ɗauka aka kai ƙasar Kazak, aka nuna masa dutse aka ce ya hau ya ƙirgo tumakin daji. Har yau idan na ba da labarin a majalisarmu ta bakin asibitin dabbobi, sai an sami mai cewa, "Malam Sada, kai da kake haki in ka hau bene?" Ni kuwa ba na musu da su, don ban ga abin da zai ƙara mani ba. Na dai san na hau.

Na sauka Tarayyar Sobiyat a shekarar da soja suka mayar wa farar hula mulki a gida. Karatun likitan dabbobi aka tura ni. Shekara guda na yi ina karya harshe da Rashanci, sannan aka jefa ni Alma-Ata, babban birnin Kazak. Labarin gida sai a wasiƙar abokina Lawal na Ƙofar 'Yandaka, wanda ke cika mani takarda da zancen jam'iyyu da wanda ya ci da wanda aka kayar. A ƙarshen wata wasiƙa ya ɗan liƙa layi biyu, wai ya ji a ofishin da ke kula da mu cewa duk ɗalibin da ya faɗi sau biyu za a dawo da shi gida. Ni kuwa na riga na faɗi sau ɗaya, a ilmin sinadarai. Saura aikin fili na lokacin zafi. Idan malamar da za ta kai mu ba ta sa hannu a littafina ba, sai in tattara kayana.

Ba surutun gari nake tsoro ba kamar idon Baffa, kuma akwai dalili. Baffa, wato mahaifina, bai taɓa ƙirga shanunsa ba. In ka tambaye shi yawansu sai ya ce alhamdu lillahi. Kowace saniya ya san ta da fuskarta da halinta da uwarta, in garke ya shigo kallo ɗaya zai yi ya ce wance ba ta nan. Da na gama sakandare na ɗan bi masu allurar shanu, ran nan muka zo garkenmu, babbanmu ya tambayi adadi, Baffa ya ba shi amsar da ya saba. Ni kuma don in nuna na yi boko, sai na miƙa yatsa na shiga ƙirgawa da ƙarfi a gaban mutane. Sai da baƙi suka tafi Baffa ya juyo gare ni.

"To, ka san yawansu," in ji shi. "Hwaɗa mani wadda ta ƙi kiwo yau."

Ban sani ba. Maimakon in yi shiru, sai na ce ai ƙirga ita ce ilmi, abin da ba a ƙirga ba ba a san shi ba.

"Madalla," ya ce. "Tahi ka koyo ƙirgar."

Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu har na bar ƙasar. Saboda haka in aka koro ni, zan dawo ne ba ƙirgar, ba sanin shanun.

Mu uku aka tura. Malama Galina ce shugabarmu, doguwar mace mai furfura wadda ban taɓa ganin haƙoranta ba sai in tana gyara wa mutum kuskure. Sai Oleg, ɗan ajinmu, ƙato mai fara'a da ke cin abincin mutum biyu. Aikinmu shi ne mu hau wani dutse da ke tsakiyar filin ciyawa, mu ƙirga tumakin dajin da ke kansa, mu kuma duba ko akwai masu ciwo, don ana zargin akwai cutar huhu da ke yawo tsakaninsu da tumakin gonar gwamnati.

Tun a bakin tasha aka fara cina. Malama ta dubi takalmina ta ce wannan na zuwa biki ne. Na shiga kasuwar gefen tasha, wani mai haƙoran zinariya ya rungume ni yana kirana ɗan'uwa daga Afirka, ya zaro wasu manyan takalma baƙaƙe yana rantsuwa na sojan dutse ne. Ya ce shi ba ya karɓar komai daga hannun baƙo, sai dai in ba shi 'yar rediyon da ke rataye a kafaɗata don tunawa. Da ita nake kamo Hausa in iska ta yi kyau. Na ba shi, har ina yi masa godiya.

Kwana da yini muka yi a jirgin ƙasa. Wata tsohuwa da ke kujerar gabana ta daɗe tana kallona, can ta miƙo yatsa ta goga a bayan hannuna, ta duba yatsan. Da ta ga bai yi baƙi ba sai kunya ta kama ta, ta buɗe jaka ta shiga ɗura mani dafaffen ƙwai da tuffa har na ce na tuba. Ta taga kuwa ba abin gani sai ciyawa. Mu da ake yi wa gorin muna bakin hamada, ai muna da gawo da aduwa da kuka. Can ko itace ɗaya babu da mutum zai ce bari in kai wurinsa in huta. Ƙasa ce shimfiɗe kamar faifai, jirgi na ta gudu amma sai ka rantse a tsaye yake. A nan kewar gida ta kama ni sosai, na kai hannu kafaɗa don in kunna rediyo, na tuna inda na bar ta.

Daga tashar da muka sauka babbar mota ta kai mu gonar gwamnati, daga can keken doki ya kai mu wurin mai gadin dutsen. Sunansa Serik, tsohon makiyayi ne, gajere mai gwamen ƙafa saboda hawan doki. Ɗakinsa zagayayye ne, an lulluɓe shi da bargon gashin tumaki, in ba don girma ba da na ce bukkar ruga ce. Da na zo bakin ƙofa, baki ya riga tunani, na ce salamu alaikum. Tsohon ya tsaya cak. Ya saci kallon Malama Galina, don a ƙasar ba a cika son a ji irin wannan ba. Ita kuwa ta sunkuya tana gyara igiyar takalminta da ba abin da ya same ta. Sai ya kama hannuna da hannu biyu ya amsa a hankali. Daga nan ya yi mani tambaya da harshensu, ya fassara da Rashanci: "Dabbobi da mutane lafiya?"

Dabbobi ya fara ambata. Na yi dariya har ƙwalla ta zo mani, don haka gaisuwar Baffa take. Tun daga lokacin na koma kiransa Baba Serik.

Matarsa ta kawo nonon goɗiya a akushi. Na kurɓa sau ɗaya na ji yana da wani tsini da ban yarda da shi ba, na ajiye da ladabi. Aka kawo nama, Oleg ya raɗa mani cewa na doki ne, na shiga juya cokali. Tsohuwar ta fita, jim kaɗan sai ga haƙarƙarin tunkiya da shayi mai madara da wani busasshen cuku irin wanda Buzaye ke kawowa kasuwar Katsina. Na ci har na ji kunya.

Da safe na fito na ga dutsen. Shi kaɗai ne tsaye a tsakiyar fili, ja-ja, kansa na da tsini biyu. Na ce wa Oleg wannan ai kafin azahar mun je mun dawo. Baba Serik ya ji, ya ci gaba da haɗa kaya. Muka ɗora kaya a kan doki ɗaya muka kama hanya da ƙafa. Azahar ta yi, dutse na nan inda yake. La'asar ta yi, ya ɗan ƙara girma. Iskar wurin ba ƙura a cikinta, abin da ke nisan yini sai ka ga kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Sai da rana ta yi ƙasa muka isa wata 'yar bukkar duwatsu a gindinsa, inda za mu riƙa kwana. Tsohon ya dube ni ya ce, "Azahar ɗin ƙasarku tana da tsawo."

Washegari muka fara hawa, a nan takalman sojan dutse suka nuna halinsu. Mun tsallake wani ɗan rafi ke nan sai na ji ƙafar dama ta yi sanyi. Na duba, ƙasan takalmin ya buɗe baki. Ashe kwali ne aka shafe da kwalta. Kafin mu kai rabi na hagu ma ya bi ɗan'uwansa. Baba Serik ya ɗaure mani su da tsirkiyar fata, na ci gaba ina ɗingishi, tsakuwa na sukata, numfashi na neman ƙwacewa. Sau uku Malama Galina tana tsayawa tana duba agogo. Na isa ƙololuwa kusan sa'a guda bayansu, yatsuna na jini.

Amma da na zauna numfashi ya dawo, sai na manta da ƙafa. Duwatsun wurin fala-fala ne, an ɗora wani kan wani kamar gurasa a tire. A tsakaninsu wani gajeren itace ke rarrafe, in ka taka shi ƙamshi ya tashi. Akwai wasu dabbobi masu kama da gafiya amma sun fi ta ƙiba da kyan gani, suna tsayawa da ƙafa biyu a bakin rami suna yi mana fito, in ka matsa su faɗa ciki. Makwarwa na tashi daga ƙarƙashin ƙafarka. Gaggafa kuwa a ƙasa da mu take shawagi, ranar na fara ganin bayan tsuntsu yana cikin tashi. Ko'ina ka juya ciyawa ce tana kwantawa tana tashi har inda ido ya ƙare. Na ji daɗi irin wanda ban ji ba tun da na zo ƙasar, na yi hamdala a zuciyata. Da muka sauko da yamma, tsohon ya zaro takalman ɗansa da ke aikin soja daga cikin buhu ya ajiye a gabana. Ashe tun a gida ya dubi nawa ya san ƙarshensu.

Ga yadda aikin yake. Kwana uku za mu yi muna hawa. Da safe mu zauna a tsinin gabas mu duba gangaren da rana ke bugawa, da rana mu ci abinci mu huta, da la'asar mu koma tsinin yamma mu duba ɗaya gangaren. Ni da Oleg kowa da madubin hangensa da littafinsa, kuma an hana mu haɗa baki. Abin da ka gani gabas ka rubuta, abin da ka gani yamma ka rubuta, a ƙarshe ka tara.

Ranar farko na sha wuya. Launin tumakin da na dutsen ɗaya ne, sai sun motsa kake ganinsu. In na kai bakwai sai biyu su shige bayan dutse, uku su fito, in koma farko. Da na gaji sai na daina ƙirgawa na tsaya kallonsu kawai. Dabbobi ne masu kyau, dogaye, ragunan na ɗauke da ƙaho murɗaɗɗe da ya kai kaurin cinyar mutum. Manyan raguna na kiwo daban, tumaki da 'ya'yansu daban. Can na lura da wani rago da ƙahonsa na hagu ya guntule. Sai wata tunkiya mai jiki da ke tafiya a gaba a natse, ba ta waiwaye, na ce wannan Hajiya ce. Ga wata mai tagwaye. Ga wani matashin rago mai tsagaggen kunne, yanzu yana wurin raguna, an jima yana wurin tumaki, duk inda ciyawa ta fi kyau nan ne gidansu. Na tuna wasiƙun Lawal, na sa masa Ɗan Siyasa. Can baya kuma wata tsohuwa ramammiya, tana tafiya tana tsayawa tana tari, da 'yarta a gefe. Ita ce Gwaggo.

Ban san lokacin da idon ya dawo mani ba. Kafin a sa ni makaranta na bi Baffa kiwo shekara da shekaru, ashe abin na nan kwance. Na buɗe littafi na shiga rubuta sunaye da Hausa, kowane da alamarsa.

Da la'asar muka koma yamma. Na ɗora madubi, wa zan gani? Hajiya, tana tafe a natse. Bayanta mai tagwaye. Can ga Guntun Ƙaho, ga Ɗan Siyasa na zirga-zirgarsa, ga Gwaggo a ƙarshe. Ashe lokacin da muke cin abinci suke bi ta wani kwazazzabo da ba a hangensa daga sama, su sha ruwa, su ɓullo ta yamma. Kwana na biyu haka, na uku haka. Da na gama sai na ƙirga sunayen da ke littafina, suka kama ashirin da uku.

Da yammacin rana ta uku muka zauna a ƙofar bukka, Malama ta karɓi littattafai. Oleg ya sami arba'in da uku. Ta gyaɗa kai, don littafin ɗaliban bara ma wajen arba'in ya nuna. Ta buɗe nawa, ta daɗe tana kallo.

"Sada, barci kake yi a bayan dutse?"

Na ce ba barci nake ba, tumakin gabas su ne na yamma. Amma Rashancina ya watse saboda faɗuwar gaba, abin da ya fito ya fi kama da kame-kame.

"Kai ne na ƙarshen hawa kullum," ta ce. "Ka kawo rabin abin da kowa ke kawowa, ka cika mani littafi da rubutun da ba mai iya karantawa. Ba zan sa hannu a rabin aiki ba."

Ta ajiye littafin a kan dutse. Ba abin da na gani sai ni da akwatina a Ƙofar Guga, Baffa na amsa gaisuwata yana kallon wani wuri. Na ji tsoro, na kuma ji haushi, don na san abin da na gani. Oleg ya sunkuyar da kai, shi ma abin bai yi masa daɗi ba.

Baba Serik ne ya ɗauki littafin. Ya juya shi sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, mene ne wannan?"

Na ce sunayensu ne. Ya ce in karanta. Na fara fassarawa ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan Ɗan Siyasa na ga ba wurin wannan kalma ba ne, na ce mai cin gida biyu.

"Mai tsagaggen kunne?" ya tambaya.

"Shi."

"Kunnen dama?"

"Na hagu, Baba."

Ya yi murmushi, na gane gwada ni yake. Ya juya ga Malama ya ce shekara nawa yana gaya wa ɗalibai garke ɗaya ne ke zagaya dutsen, amma ba wanda ke rubuta maganar makiyayi. Ya ce, "Ki ba shi kwana ɗaya. In ƙarya ne, ni zan kai shi tasha da kaina."

Malama Galina mace ce mai tsanani, amma ba azzaluma ba ce. Ta duba abin da ya rage na guzuri, ta ce, "Kwana ɗaya."

Da safe na riga kowa isa tsinin gabas, takalman ɗan soja sun yi mani rana. Ta zauna kusa da ni da madubinta da fensir. Tumaki suka fara fitowa, ina faɗa mata alamar kowace tana zanawa. Raguna shida suka wuce, tumaki suka biyo da 'ya'yansu. Ban ƙirga ba, amma sai na ji wani abu ya tsaya mani a ƙirji, kamar ka shiga ɗakinka ka ji an ɗauke wani abu tun ba ka san ko mene ne ba. Na sake bin su da ido.

"Gwaggo ba ta nan," na ce.

"Wace ce haka?"

"Tsohuwar mai tari. Ga 'yarta can ta bi Hajiya, dubi yadda take waiwaye."

Oleg ya ce wataƙila tana bayan dutse. Muka jira har rana ta ɗaga, ba ta fito ba. Malama ta rubuta a littafinta.

Da la'asar muka koma yamma. Kafin su ɓullo na gaya mata wadda za ta fara fitowa da wadda za ta bi ta. Muka zauna, iska na kaɗa mu. Aka daɗe ba motsi, har na fara tunanin yau kuma sun sauya hanya don su kunyata ni. Can sai ga Hajiya, Allah ya yi mata albarka, tana tafe kamar za ta gaisuwar biki. Mai tagwaye ta biyo. Malama na duba madubi tana duba zanenta. Da Guntun Ƙaho ya fito ya juya mana gefen hagunsa, sai ta sauke madubin a cinya. Oleg ya dafe kai yana dariya ya ce ashe kwana uku yana gaida mutum ɗaya sau biyu.

Baba Serik ya taɓa kafaɗata ya nuna ƙasa. Ungulaye uku ne ke kewaya saman kwazazzabon. Muka gangara da ƙyar, muna riƙe duwatsu. A bakin wani idon ruwa muka same ta kwance, ko kumbura ba ta yi ba. Na tsaya a kanta raina ba daɗi, kwana huɗu kawai na san ta amma sai na ji kamar tamu ce. Malama ta sa safar hannu ta buɗe ƙirjin, ta kira mu mu ga huhun. Abin da aka turo mu nema ke nan, kuma da ba a lura ba ta fito ba, da ungulu sun riga mu. Ta yanki abin da za ta yanka ta sa a kwalabe. Tsohon ya ce yanzu ko a yarda a hana tumakin gona shan ruwa a nan.

Ta wanke hannu a idon ruwan, ta miƙo hannu ta ce, "Littafinka." A kan gwiwarta ta sa hannu. Tana mayar mani ta tambaya, "Wa ya koya maka wannan?"

"Mahaifina."

"Likitan dabbobi ne?"

"Makiyayi ne, Malama. Bai taɓa ƙirga dabba ba."

Ranar na ga haƙoranta ba don gyaran kuskure ba. Muka hau sama mu kwaso kayanmu, na ɗan tsaya ni kaɗai a ƙololuwa. Rana ta yi ja a kan ciyawa, masu fiton nan suna ta kiran juna, can ƙasa 'yar Gwaggo na kiwo a gefen Hajiya. Hankalina ya kwanta sarai. Da za mu rabu na cire takalma zan mayar, Baba Serik ya ture hannuna ya ce in gaida mahaifina, in ce masa wani makiyayi na tambayar lafiyar dabbobinsa.

Sai shekarar da ta biyo na sami zuwa gida hutu. Na tarar gari ya cika da hotunan 'yan takara, har jikin ganuwarmu ba a bari ba. Bayan la'asar na bi Baffa bayan gari inda garke ke kwana. Muka zauna a kan tabarma, na isar masa da gaisuwar Baba Serik, daga nan na ba shi labarin dutsen tun daga takalman kwali. Yana saurare yana murza igiya a cinya.

"Su nawa ne?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Ban nuna su da yatsa ba, Baffa. Sunayensu na ƙirga a takarda."

Ya ci gaba da murza igiyarsa. Can ƙura ta taso, shanu suka fara shigowa. Ya nuna su da haɓa.

"To, duba mani."

Na miƙe. Shekara huɗu rabona da su, an haifi waɗansu, waɗansu sun girma. Na bar idona ya bi su a hankali, hannuwana a baya. Sai abin nan ya sake tsaya mani a ƙirji.

"Wule ba ta nan," na ce. Wata saniya ce mai farin goshi da na sha nononta tun ina yaro. "Amma waccan karsanar 'yarta ce. Tafiyarsu ɗaya."

Baffa ya daina murza igiya. Ya daɗe yana kallon shanun, ba ni ba.

"Bara da kaka ta mutu," ya ce. "Ban sa an rubuta maka ba."

Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya miƙo mani igiyar da ya gama murzawa.

"Tahi ka kama ɗiyar, Sada. Taka ce."

Ni ne ɗansa na fari, kuma tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Na karɓi igiyar na shiga cikin shanu, na daɗe ina ɗaurin da ba ya buƙatar daɗewa, don kada ya ga fuskata. Na sa wa karsanar suna Gwaggo. Jikokinta na nan a garkena a bayan Ƙofar Guga, kuma in ka tambaye ni yawansu, alhamdu lillahi.